Goof Troop: Wasan Gem Ɗin Da Ake Ci Da Shawara

 

Duk lokacin da aka ambaci wasan gem a makaranta, ra'ayi kan kasu gida biyu. Malamai da iyaye da yawa suna ganin ɓata lokaci ne, da koyon faɗa, da ƙarar da kuɗin tara a shagon gem. Ɗalibai kuma su ce ai hutun ƙwaƙwalwa ne. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, amma gardamar ba ta ƙarewa saboda ana yi wa dukkan wasanni kuɗin goro. Alhali yadda littattafai suka bambanta, haka wasannin nan suka bambanta. Saboda haka a wannan fitowa mun ɗauko wasa guda ɗaya, wanda aka yi domin yara, za mu warware shi dalla-dalla: wa ya yi shi, yaya ake buga shi, me yake nema daga mai wasa, kuma ina iyakar amfaninsa. Sunansa Goof Troop.

Daga katun zuwa kaset

Yawancinmu mun san Goofy, dogon nan mai dogayen kunnuwa da haƙora biyu a waje, abokin Mickey Mouse. Kamfanin Disney na Amurka ne ya ƙirƙiro shi, kuma ya fara fitowa a fim tun shekarar 1932. A 1992 kamfanin ya fito da wani shirin katun na talabijin mai suna Goof Troop. A cikin shirin, Goofy uba ne da yake renon ɗansa Max shi kaɗai a wani gari mai suna Spoonerville. Maƙwabcinsu shi ne Pete, wani ƙato mai son banza da ke sayar da tsofaffin motoci, ɗansa PJ kuma shi ne babban aminin Max.

A wancan zamani, idan katun ya karɓu, kamfanonin gem sukan nemi izini su mayar da shi wasa. Kamfanin Capcom, wanda hedikwatarsa ke birnin Osaka na ƙasar Japan, ya riga ya saba aiki da Disney, domin shi ya yi wasan DuckTales a 1989 da wasan Chip 'n Dale Rescue Rangers a 1990. Shi ne ya fitar da wasan Goof Troop a Amurka a 1993, sannan a Japan a 1994. An yi shi ne domin na'urar Super Nintendo, wadda ta fara fita a Japan a 1990. Wannan na'ura ba ta amfani da faifai ko intanet. Kaset ake cusa mata ta sama, a jona ta da talabijin, kowane mai wasa ya riƙe nasa madannin mai waya.

Wanda ya tsara wasan wani matashin ma'aikacin Capcom ne a lokacin, mai suna Shinji Mikami. Ku riƙe wannan suna, za mu dawo kansa.

Labarin da ke ciki

Wata rana Goofy da Max da Pete da PJ suka fita kamun kifi a teku. Sai wani ƙaton jirgin 'yan fashin teku ya ɓullo, ya yi awon gaba da Pete da ɗansa zuwa wani tsibiri. Dalili kuwa shi ne, 'yan fashin sun ɗauka Pete ne shugabansu, Keelhaul Pete, wanda wani ƙasurgumin kifi ya haɗiye tun da daɗewa, saboda tsananin kamar da suke yi. Shi kuwa Pete da ya ji daɗin sarauta sai ya yi shiru, ya ci gaba da cin bulus. Goofy da Max suka bi sawu domin su ceto maƙwabtansu kafin asiri ya tonu.

Tafiyar zango biyar ce: bakin teku, ƙauye, tsohuwar fada mai ban tsoro, kogon dutse, sai jirgin 'yan fashin. Kowane zango an raba shi ɗaki-ɗaki, ana kallon kowane ɗaki daga sama kamar taswira. A ƙarshen kowane zango akwai bos, na ƙarshensu kuwa shi ne Keelhaul Pete na ainihi.

Babu naushi, babu takobi

Abu na farko da zai ba sabon mai wasa mamaki shi ne, Goofy da Max ba su iya naushi ba, ba su da takobi, ba su ma iya tsalle ba. Abin da suka iya shi ne su ɗauki abin da suka tarar a ƙasa, kamar ganga ko tukunyar fure, su jefa. Idan kayan jifan da ke ɗakin suka ƙare alhali da sauran 'yan fashi, mai wasa ya shiga uku. Saboda haka dole ya ƙirga abokan gaba, ya ƙirga gangunan, kafin ya jefa ko ɗaya. Idan kuma aka jefo masa wani abu, zai iya ɗaga hannuwa sama ya cafe, ya mayar wa mai shi. Da wannan dabara ake gamawa da yawancin bosawan.

Bayan kayan jifa akwai kayan aiki da ake tsinta a hanya, kowanne da amfaninsa. Akwai bindigar igiya mai ƙugiya, wadda ake janyo abin da ke nesa da ita, ko a gigita ɗan fashi na ɗan lokaci, ko a ɗaura ta tsakanin ƙugiyoyi biyu ta zama gadar tsallake rami. Akwai katako na cike gurbin gadar da ta karye. Akwai kyandir na haska ɗaki mai duhu, da shebur na tono, da makullai na buɗe ƙofofi. Sai kuma ƙararrawa, wadda idan aka kaɗa ta 'yan fashi sukan nufo inda ƙarar take.

Wahalar ita ce ba a iya kwasar kayan nan duka. Mai wasa shi kaɗai abu biyu kawai yake iya riƙewa. Idan ya ga na uku, sai ya ajiye ɗaya. Wanda ya yar da igiya ya ɗauki shebur saboda kwaɗayin abin da zai tono, zai iya isa bakin rami ya tsaya cirko-cirko, sai ya koma baya ya nemo abin da ya yar. A nan ake gane mai tunanin gaba da mai bin son zuciya.

Dokar bulo

Zuciyar wasan ita ce ɗakunan bulo. Za ka shiga ɗaki ka tarar ƙofa a rufe, ga wasu bulo a warwatse, ga kuma wasu gidaje a ƙasa masu alamar tauraro. Ƙofar ba za ta buɗe ba sai kowane tauraro ya samu bulo a kansa. Dokokin guda uku ne. Na ɗaya, ba a ɗaukar bulo kuma ba a jan sa, harbinsa ake yi da ƙafa. Na biyu, idan aka harbe shi ba ya tsayawa sai ya ci karo da bango ko wani abu. Na uku, kafin ka harba shi gabas dole ka tsaya ta yammacinsa, haka ma sauran ɓangarorin.

Ga misalin da muka tsara da kanmu bisa waɗannan dokoki. A ce layin ƙarshe na ɗaki, wanda ke jikin bangon ƙasa, yana da gida shida daga hagu zuwa dama. Tauraro yana gida na biyar. Bulo na farko yana gida na biyu a wannan layi. Bulo na biyu kuma yana can sama a jikin bangon dama, daidai saitin gida na shida, da sarari a bayansa inda mutum zai tsaya.

Mai gaggawa zai ga bulo na farko yana layi ɗaya da tauraro, sai ya harba shi dama. Bulon zai wuce gida na uku, na huɗu, ya tsallake tauraron, ya je ya maƙale a lungu. Daga nan magana ta ƙare. Ba za a iya dawo da shi hagu ba, domin bango ne a damansa, babu wurin tsayawa. Ba za a iya tura shi sama ba, domin bango ne a ƙasansa. Bulo na biyu ma ba zai taɓa barin jikin bangon dama ba, saboda wannan dalilin.

Mai natsuwa kuwa zai fara tambayar kansa: me zai tsayar da bulona a gida na biyar? Amsa ita ce sai akwai wani abu a gida na shida. To me zai iya zuwa gida na shida? Bulo na biyu, idan aka harbo shi daga sama. Sai ya fara da wannan, sannan ya zagayo ya harba na farko, wanda zai zo ya tsaya cak a kan tauraro. Bugu biyu ne a duka hanyoyin, bambancin kawai wanne aka fara yi.

Ku lura da yadda mai natsuwar ya yi tunani: daga ƙarshe ya faro, ya dawo farko. Irin wannan tunani ne malaman lissafi suke nema a wurinmu idan aka ba mu amsa aka ce mu nemo lambar da aka ɓoye. Masu buga dara ma sun san shi, domin gwani ba ya ɗaga ɗa sai ya hango inda wasan zai kai bayan motsi biyu ko uku. Asalin irin wannan wasa na tura kaya zuwa gurbinsu ana danganta shi da wani wasan kwamfuta na Japan mai suna Sokoban, wanda Hiroyuki Imabayashi ya ƙirƙira, aka fitar da shi a 1982. A Sokoban akwati gida ɗaya yake matsawa a kowace turawa, a Goof Troop kuwa bulo sulalewa yake yi har sai ya samu abin da zai tare shi.

Wani abin yabo shi ne yadda wasan yake ɗaukar kuskure. Idan bulo ya maƙale, sai ka fita daga ɗakin ka sake shigowa, za ka tarar komai ya koma mazauninsa na farko. Ba a cire maka rai, ba a mayar da kai farkon zango. Wannan ya sa yaro ba ya tsoron gwadawa, kuma duk gwajin da bai yi ba yana nuna masa hanya ɗaya da ba za a bi ba.

Me ya sa ya fi daɗi da mutum biyu?

Mutum ɗaya zai iya buga wasan, amma an gina shi ne yadda mutum biyu za su buga a lokaci guda, a talabijin ɗaya, ɗaya ya zama Goofy ɗaya ya zama Max. Su biyun ba ƙarfinsu ɗaya ba. Goofy yana da nauyin jiki amma jifansa yana da ƙarfi. Max yana da sauri, sai dai manyan 'yan fashi ba sa faɗuwa da jifansa ɗaya. Ke nan a ɗakin da ake buƙatar gudu Max ne a gaba, a ɗakin da ƙattai suka cika kuwa sai a bar wa Goofy gangunan.

Sannan idan mutum biyu ne, kowanne abu ɗaya tak yake riƙewa. Idan kyandir yana hannunka, makulli yana hannun abokinka. Kai kake haska hanya, shi yake buɗe ƙofa, babu wanda zai wuce ba tare da ɗan'uwansa ba. Mai ƙararrawa zai iya tsayawa a gefe ɗaya ya kaɗa, 'yan fashi su yi kansa, abokinsa ya samu sarari ya gyara bulo ko ya jefe su ta baya. Za ka iya jefa wa abokinka ganga ya cafe idan ya ɗaga hannu. Idan kuwa ba ka faɗa masa ba ka jefa, a kansa za ta sauka ya gigice, wataƙila a daidai lokacin da ɗan fashi yake bayansa.

A ɗakin bulo abin ya fi fitowa fili. Bugu ɗaya na ganganci daga mutum ɗaya ya isa ya rusa shirin mutum biyu. Saboda haka dole a yi magana kafin a taɓa komai: "Tsaya, kar ka harba wannan tukuna." "To wanne za mu fara?" Wanda ya ga mafita dole ya iya bayyana ta yadda abokinsa zai gane, wanda bai gani ba kuma dole ya iya saurare. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to masu wannan wasa sun mayar da maganar doka.

Wannan ya bambanta da wasan ƙwallo ko na dambe da aka fi bugawa a shagunan gem, inda dole ɗaya ya ci ɗaya ya sha kashi. A nan ko dai ku ci tare ko ku faɗi tare. Shi ya sa yaya da ƙaninsa za su iya zama su buga ba tare da ƙaramin ya tashi yana kuka ba.

Goof Troop ba shi kaɗai ba ne a wannan layi. A 1992 kamfanin Sega ya fitar da World of Illusion, inda Mickey da Donald Duck suke taimakon juna, wani ya taka kafaɗar wani ya hau, sannan ya zuro masa igiya. A 2023 kuma an fitar da Disney Illusion Island a na'urar Nintendo Switch, wanda mutum huɗu za su iya bugawa tare.

Abin da za mu ɗauka zuwa aji

Idan malam ya raba mu rukuni-rukuni ya ba mu aiki, mun san abin da yakan faru: mutum ɗaya ya yi aikin, sauran su rubuta sunayensu. Dalili shi ne aikin ba ya buƙatar kowa. Masu tsara Goof Troop sun magance wannan ta hanyar raba kayan aiki, yadda ba wanda yake riƙe da komai. Muna roƙon malamanmu, cikin girmamawa, su duba ko za a gwada haka a aikin rukuni: wannan ya riƙe taswira, wancan ya riƙe alƙaluma, wata ta rubuta, wata ta yi bayani a gaban aji, ta yadda aikin ba zai kammalu ba sai kowa ya kawo nasa.

Mu ɗalibai kuma darasinmu shi ne mu karanta tambaya har ƙarshe kafin mu ɗora biro a takarda. Sau nawa muke rasa maki a jarrabawa saboda mun harba bulo kafin mu duba inda zai tsaya? Bambancin kawai shi ne a zauren jarrabawa ba a fita a sake shigowa.

Iyakar abin

Kada wani ya tsaya a nan ya je gida ya ce mujallar makaranta ta ce a yi ta buga gem. Wasa mai kyau ma idan ya wuce kima ya zama illa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan gem cikin kundinta na cututtuka. Alamomin da ta bayyana su ne mutum ya kasa iya tsayar da kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwarsa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin cutarwar da yake yi masa, yawanci na tsawon shekara guda ko fiye. Wannan bai shafi duk mai buga gem ba, amma ɗalibin da yake tsallake darasi, ko yake hana kansa barci, ko yake kashe kuɗin littafi saboda wasa, ya kamata ya tsaya ya yi wa kansa hisabi, ya kuma nemi shawarar malami ko iyaye.

Ta wannan fuska tsofaffin wasanni irin Goof Troop suna da wata falala: suna da ƙarshe. Zango biyar ne, idan an gama an gama. Bayan kowane zango ana ba ka kalmar sirri, wadda jerin hotunan 'ya'yan itace da duwatsu masu daraja ce, ka rubuta ka kashe na'ura, wata rana ka ɗora daga inda ka tsaya. Da yawa daga wasannin waya na yau an tsara su ne kada su ƙare, suna ta kiran mai wasa ya dawo, wasu ma suna neman ya sayi abubuwa da kuɗi na gaske, ko su haɗa shi hira da baƙin da bai sani ba.

Yanzu mu koma kan Shinji Mikami. Shekara uku bayan Goof Troop, a 1996, shi ne ya jagoranci yin Resident Evil, wasan ban tsoro mai jini wanda sam ba na yara ba ne. Mutum ɗaya, kamfani ɗaya, amma wasa biyu da ba su haɗa hanya ba. Ke nan sunan kamfani bai isa shaida ba, haka ma zanen katun a jikin kwali. Abin dubawa shi ne alamar shekaru. A Turai akwai tsarin PEGI, wanda yake sa lamba 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18 a jikin wasa, a Amurka kuma akwai hukumar ESRB da aka kafa a 1994, mai amfani da haruffa, inda E ke nufin na kowa da kowa, M kuma na manya. Manyan ɗalibai, ku duba wannan alama kafin ku miƙa wa ƙannenku waya.

Gasar wannan fitowa

Ba sai kana da na'ura ba kafin ka ɗanɗana wannan wasa. Takarda da biro sun isa, ko a zana a ƙasa a sa duwatsu. Ku zana layi biyar daga sama zuwa ƙasa, kowane layi da gida biyar daga hagu zuwa dama, bango ya kewaye su duka. Ku sa tauraro a layi na 1, gida na 4. Ku sa bulo ɗaya a layi na 2, gida na 2, ɗayan kuma a layi na 4, gida na 3. Da dokoki ukun nan da muka bayyana, ku kai ɗaya daga cikin bulon kan tauraro. Bugu huɗu sun isa, kuma hanyar ta fi ɗaya.

Sharaɗin gasar shi ne mutum biyu za su yi ta tare, kuma mun fi so babban ɗalibi ya haɗu da ƙarami. Ku rubuta bugun ɗaya bayan ɗaya, da sunayenku da azuzuwanku, ku miƙa wa kowane ɗan ƙungiyarmu kafin a tashi ranar Alhamis. Waɗanda suka samo hanya fiye da ɗaya za mu fara da sunayensu a fitowa ta gaba. Wanda kuma ya tsara nasa ɗakin bulon, ya haɗo da amsarsa, za mu gwada shi, idan ya yi mu liƙa shi a nan kowa ya fafata. Malamanmu ma ƙofa a buɗe take.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta